Kunyar Ɗan Fari a Ƙasar Sukotlan

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni inda ban taɓa zato ba, ya kuma maido ni gida da goyona a baya. Sunana Kulu, haifaffiyar Wara ta ƙasar Ngaski, aure ya kai ni Yelwa. Ba a jima da yanke mana Jihar Kebbi ba aka tura maigidana, wanda ke aiki a sashen kula da kamun kifi, ya je jami'a a ƙasar Sukotlan ya karanto kiwon kifi. Da Inna, mahaifiyata, ta ji sai ta yi dariya ta ce, "Mutum shi baro Kainji shi tahi koyon kihi wurin Nasara? To, Allah shi ba da sa'a." An yarje masa ya tafi da iyalinsa. Iyalin kuwa ni ce, da ƙaramin cikin da ban gaya wa kowa ba tukuna.

Tun a filin jirgi ƙasar ta nuna mini halinta. Wani ma'aikaci mai safar hannu ya kwance ƙunshin bandar kifin da Inna ta yi mini da hannunta, ya ɗaga da yatsu biyu, ya jefa a kwandon shara. Na buɗe baki, maigidan nawa, Malam, ya ce a hankali, "Kulu, ƙyale shi." Daddawa ce kaɗai ta tsira, don na cusa ta cikin safa.

Aka ba mu ɗaki a wani dogon bene na ɗalibai masu iyali. Ɗaki ɗaya da banɗaki, kicin kuma na tarayya ne ga duk mutanen hawan. Malam ya fita da safe, sai dare. Ni kuwa in zauna bakin taga ina kallon motoci a jere da wasu fararen tsuntsayen teku masu kuka kamar na jariri. A Wara, kafin ka buɗe ido ka ji daka, ka ji injin jirgin ruwa, ka ji ana cinikin kifi a bakin tafki. A nan ko kiran salla babu. Da sanyi ya shigo, rana ta koma leƙowa kawai take yi. Kafin in naɗe sallayar azahar la'asar ta yi, kafin in gama lazimi magariba ta faɗo. Da farko duk wanda na haɗu da shi a baranda sai in tsaya in gaishe shi sosai, in tambayi iyali da sanyi. Sai su ɗan yi murmushin da ba ya kaiwa ido, su wuce. Na daina. Akwai ranakun da in ba addu'a ba, ba na jin muryata har Malam ya dawo.

A kicin ma ban tsira ba. Ranar da na fara sa daddawa a miya, wata maƙwabciya ta shigo, ba ta ce komai ba, ta bi tagogi ta buɗe su duka cikin wannan sanyi, ta fita. Daga ranar na koma yin girki da hantsi, lokacin da kowa ya tafi aji.

A nan na same ta. Wata siririyar 'yar ƙasar Sin, tana cin abinci a tsaye da tsinkaye biyu, ta fuskanci bango, ga ƙaramin rikoda a gefenta yana ta zuba Turanci. Ɗakinta ne ke jingine da namu. Muka ɗauki kwanaki muna haɗuwa ba magana. Ran nan na jefa daddawa a tukunya, sai na ga ta ɗaga hanci. Na yi sauri zan rufe, ta riƙe murfin.

"Mene ne wannan?" ta tambaya da irin Turancinta mai sarƙewa, wanda bai fi nawa ba.

Na ce, "Yi haƙuri, yanzu zan sauke."

Ta girgiza kai. Ta buɗe kabad ɗinta ta zaro wata kwalba daga can ƙurya, bayan gwangwanaye, ta buɗe ta miƙo mini. Wasu baƙaƙen wake ne, warinsu kamar ƙanen daddawa. Ta ce, "Ni ma ɓoyewa nake yi." Na sansana nata, ta sansana nawa, muka kwashe da dariya. Wannan ce dariyata ta farko a ƙasar.

Sunanta Shufen, tana karatun kimiyyar sinadarai. Malamanta sun ce sunan ya yi musu wuya, suka sa mata Suzan. Ta ce wani lokaci sai a kira ta sau da yawa ba ta waiwaya ba, don ta manta ita ce. Turancin da ta koyo a gida na littafi ne, mutanen nan kuwa kamar da ruwan zafi a baki suke magana, shi ya sa take ɗaukar lacca a kaset ta yi ta maimaitawa. A aji ba ta taɓa ɗaga hannu ba. A ƙasarsu, in ji ta, ɗalibi ba ya ja da malami, ba ya tambayar da za ta nuna malam bai yi bayani da kyau ba. A nan kuma shirun nata ya sa suka ɗauka ba ta san komai ba, har ɗalibai ba sa son a haɗa su aiki da ita. Asabar da Lahadi tana wanke-wanke a gidan abincin wani ɗan ƙasarsu, wanda ke zaftare mata lada don ya san ba ta da inda za ta kai ƙara. Hannuwanta duk sun tsattsage. Na ba ta man kaɗe. Ita kuma ta gano wani mai kifi da ke zubar da kawuna, don mutanen ƙasar ba sa ci. Ranar da ta fara kawowa na ce, "Innalillahi, kan ne suke zubarwa? To me suke ci?" Ta ce, "Ban sani ba, Kulu. Dankali."

Abu ɗaya na lura da shi. In yaran maƙwabta suka taho da gudu a baranda, sai ta tsaya cik, ta bi su da ido har su ɓace. Na ɗauka budurwa ce mai sha'awar yara.

A wurinmu, haihuwar fari a gida ake yi. Ciki na tsufa za a mai da ke wurin uwarki, ita za ta yi miki wanka, ta dama miki kunun kanwa, ta raini jariri har ki yi arba'in. Ni tawa ta same ni a asibitin Turawa, tsakiyar sanyi. Ban yi kuka ba, ban yi ƙara ba, don haka aka hore mu. Ungozomomin suka yi ta leƙa fuskata suna tambaya ko ina jin ciwo, ina cewa lafiya lau. Da yaron ya faɗo, suka ɗora mini shi a ƙirji, ga Malam a tsaye, ga mata sun kewaye ni suna jiran su ga abin da zan yi. Sai na kau da kai na kalli bango.

Wanda bai san mu ba sai na yi masa bayani. Ɗan fari ɗan kunya ne. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta rawar jiki in ya yi kuka. Kakanni da gwaggwanni ke wannan. Har Inna ta tsufa ban taɓa jin ta kira sunan babban wanmu ba, sai dai "wancan", kuma ba wanda ya taɓa cewa ba ta son sa. Nawa ma kunyarsa biyu ce, don sunan mahaifin Malam aka sa masa.

Ranar suna, Malam da wasu ɗalibai suka taru a ɗakin da suke salla, aka raba dabino. A Yelwa aka yanka rago. Ba guɗa, ba mata, ba wadda ta ce mini barka da arziki da harshenmu. Wanka kuwa ni na yi wa kaina. In tafasa ruwa a tukunya da butar shayi, in jiƙa tawul a madadin ganye, in yi ta gasa jikina, in da hannuna bai kai ba in bar shi. A cikin tururin nan nake kukana, don ko Malam ba zai gane ba.

Shufen ta riƙa zuwa da romon kan kifi mai citta da yawa. Ran nan ta tarar na ɗauki ruwan famfo zan sha, ta fizge kofin.

"Kina hauka? Mai jego ba ta taɓa sanyi! A wurinmu wata guda ko taga ba a buɗewa. Sa safa!"

Na ce, "Ke kuma yarinya, ina kika san wannan?"

Ta ce, "Sha romo." Ba ta ƙara ba.

Gwamnatin ƙasar tana turo malamar asibiti gidan masu jego, ta auna jariri ta duba uwa. Tamu sunanta Sista Magret, babbar mace mai furfura, sa'ar Inna. Don haka na ba ta girman da zan ba Inna. In ta zo, sai in zauna a gefe in sunkuyar da kai. Yaron ya yi kuka, in yi kamar ban ji ba, ina jiran ta ɗauke shi kamar yadda babba ke yi. Ta ce, "Ba za ki ɗauke shi ba?" Sai in ɗauka ina kallon wani wuri, in juya mata baya in ba shi nono. Ta ce, "Wa kike ce masa?" In yi shiru. Ta tambaye ni ko ina barci, ko ina kuka, ko ina jin daɗin zama uwa. Duka na ce lafiya lau. Wace 'yar mutunci ce za ta dubi babba ta ce tana jin daɗin ɗanta? Ranar da Malam yake nan ya yi ta amsawa a madadina, ita kuwa ta yi ta kallona ta saman tabarau. Wata rana mayafina ya zame, ta ga kafaɗata ta yi jawur saboda ruwan zafi. Ta daɗe tana dubawa.

Sai aka tura su Malam wasu tsibirai masu nisa aikin gonakin kifi na makonni. Da zai tafi ya ce, "Ki yi haƙuri, Kulu, ba yadda zan yi. Ga matar nan tana zuwa, ga maƙwabciyarki." Sista kuwa ta ƙara yawan zuwa. Ni har murna nake yi, ina cewa jininmu ya haɗu. Ina dafa mata shayi.

Wata Talata da rana Shufen ta faɗo ɗakina ko ƙwanƙwasawa ba ta yi ba. Ta ji Sista tana magana a wayar da ke baranda, kuma kunnen da ta horar da kaset ya kama komai.

"Kulu, sun ce ba kya son yaron. Sun ce kina da ciwon damuwa, kina ƙona jikinki. Jibi za ta zo da likita da wata mata daga ofishin kula da yara. Wataƙila a kwantar da ke asibiti. Shi kuma a kai shi wani gida."

Na ce, "Wane gida? Gidan wa?"

"Ban sani ba. Amma gaya mini, me ya sa kike haka in ta zo? Ni ina jin ki ta bango. Wuni kike yi kina yi masa waƙa."

Na yi mata bayani iya Turancina, da hannu da ka. Ta saurara har na gama. Ba ta yi dariya ba, ba ta ce al'adar banza ce ba. Ta ce kawai, "Su ba su san wannan ba. Abin da ido ya gani suke yarda da shi."

Na fita baranda na buga lambar da Malam ya bari. Wani mutum ya ɗauka, ya yi ta magana ban tsinci komai ba sai cewa suna kan ruwa. Inna ba ta da waya, wasiƙa kuwa kafin ta isa Wara an gama komai. Ban taɓa sanin nisa ba sai ranar. Na yi alwala na yi nafila, na ce, ya Allah, kai ka ba ni shi, kai ka san abin da ke zuciyata, kada ka bari a kai shi inda ba za a yi masa bisimilla ba. Na haɗa kayansa a jaka, na kwance, na sake haɗawa. In gudu in je ina? Bayan shagon madara ban san ko'ina ba.

Ranar Alhamis da hantsi suka iso su uku. Likitan saurayi ne, ɗayar matar kuma ta riƙa yi mini magana a hankali kamar mai lallashin maras lafiya. Na ba su wurin zama. Duk abin da na shirya faɗa ya gudu. Jikina ya koma abin da ya saba: kai a ƙasa, hannu a cinya. Yaron yana kwance a gado yana mutsu-mutsu, ina jin sa har cikin ƙashina, amma wuyana ya ƙi juyawa.

Aka buga ƙofa. Shufen ce, da jakar makaranta a kafaɗa, lokacin da ya kamata tana aji. Matar ofishin ta ce wannan magana ce ta iyali. Shufen ta ce, "Ni ce iyalin." Ta shigo. Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba ta tsaya gaban Turawa uku.

"Bayan wannan bangon nake kwana. Matar nan ta hana ni karatu. Da safe waƙa, da rana waƙa. In ya yi atishawa sai ta yi masa magana mai tsawo. Tana yi masa dariya, tana yi masa faɗa, tana ba shi labari. Ban san harshenta ba, amma na haddace waƙar." Sai ta rera. Wallahi ta rera waƙar reno ta mutanen Wara, a karkace, kalmomin duk sun kakkarye. Likitan ya rufe baki da hannu.

Ta ci gaba. "A ƙasarsu kunya ce uwa ta nuna son ɗan fari a gaban manya. Girmama ki take yi." Ta nuna Sista. Sannan ta ce, "Ni ma ina da 'ya. Tana fara tafiya na bar ta wurin uwar mijina na taho. Ba hotonta a ɗakina. Ba na faɗin sunanta. In na faɗa, gobe zan bar karatun nan in koma. To ku ce ni ma ba na son ta."

Na ɗaga kai na dube ta. Watanni muna cin kan kifi tare, ban sani ba.

Sista Magret ta cire tabarau, ta matso ta zauna kusa da ni a bakin gado. Ta ce, "Kulu, na yarda da ita. Amma aikina ba zai bar ni in tafi da maganar maƙwabciya kaɗai ba. Sai na gani da idona. Ɗauke shi. Kira shi yadda kike kiran sa in ba kowa."

Ko in ba kowa ban taɓa kiran sa da sunansa ba. Sai dai ɗan tsoho, sai maigidan Inna. Na ce mata haka. Ta ce, "To yau ki kira."

Na ji kamar an ce in tuɓe a tsakiyar kasuwar Yelwa. Fuskar Inna ta zo mini, da ta surukina mai sunan. A zuciyata na ce, ku gafarce ni, ba ku nan, ni kaɗai ce. Na tashi na ɗauke shi, na dubi tsakiyar idonsa a gaban mutane, abin da ban taɓa yi ba. Na faɗi sunan. Da farko iska ce kawai ta fita. Na sake, ya fito sosai. Yaron ya daina motsi, ya zuba mini ido, ya kama bakin mayafina ya damƙe. Daga nan ban san abin da ya faru ba, sai na ji ina ta maimaitawa ina kuka, na manna fuskata a wuyansa, kukan asibiti da na ranar suna da na filin jirgi duk suka fito tare.

Ba su tafi da kowa ba. Likitan ya duba kafaɗata, na gaya masa wankan jego ne, ya ce in riƙa sirka ruwan. Sista ta riƙe hannuna a bakin ƙofa ta ce ta yi shekaru tana wannan aiki, ba wanda ya taɓa girmama ta har ya kusa jawo wa kansa masifa.

Da suka fita muka zauna ni da Shufen. Can ta miƙo hannu, na ba ta shi. Ta rungume shi tana jijjigawa, ta faɗi wata 'yar gajeriyar kalma a kunnensa, sau ɗaya. Na san ba da shi take ba. Ban tambaya ba.

Malam ya dawo na ba shi labari. Ya daɗe yana salati, sannan ya ce, "Kuma kinka hwaɗi sunan Baba?" Na ce na faɗa. Ya ce, "Allah shi yi miki albarka." Ya je da kansa ya yi wa Shufen godiya, ya rusuna mata kamar yadda zai yi wa yayata.

Ba ta bar karatun ba. Da bazara aka mai da ita wata jami'a a kudu, wurin wani malamin. Ta bar mini tukunyarta da kwalbar waken. Wani ɗalibi mai kiɗa da ƙarfi ya shiga ɗakinta, na koma girkin hantsi ni kaɗai, da goyo a baya, har shekara ta zagayo muka gama. Na rubuta mata sau da yawa. Ta amsa da farko, daga baya wasiƙata ta dawo ba a buɗe ba. Har yau ban san ko ta koma ta tarar 'yarta ta gane ta ba. Ina sa ta a addu'a da sunanta na gaskiya.

Ranar da muka iso Wara, tun ban gama sallama ba Inna ta kwance shi daga bayana tana yi masa kirari. Ni kuwa na kau da kai na shige ɗaki, kamar ban san daga inda ya fito ba. Na ji tana ce wa mata, "Kun gani, ɗiyata ta tahi ƙasar Nasara ta dawo da kunyarta." Ban taɓa gaya mata ba har ta koma ga Allah.

Yanzu shi ma magidanci ne, yana kira na Yaya kamar yadda ƙannena ke yi. Kwanan baya ya zo gaishe ni, yana tsokana, ya ce, "Yaya, anya kin ma san sunana?" Na ce, "Tashi ka ba ni wuri, marar kunya." Ya fita yana dariya.

Na sani mana. Na faɗe shi a rana ɗaya, a wani ɗaki mai sanyi, gaban Turawa uku da 'yar Sin guda, kuma da shi na fanso shi. Amma ko a nan ba zan rubuta ba.